Hannu da Hannu ko Adashi? Zaɓen Fim ɗin 'Yan Sanda don Gidan Kallon Ƙauye

Taubashina yana da gidan kallo a wani ƙauye tsakanin Gumel da Maigatari. Rumfar langa-langa ce da aka kewaye da zana, benci goma sha biyu, talabijin biyu, sai ƙaramin inji mai tari kamar tsohon da ya daɗe da taba. Ƙwallon Turai ce jarinsa. Daga Agusta zuwa Mayu ba ya neman shawarar kowa, Asabar da Lahadi har a ƙasa ake zama. Amma da an rufe gasar Ingila a watan Mayu, in dai ba shekarar kofin duniya ba ce, sai kasuwa ta kwanta, kuma ba a jimawa ruwan shuka ke sauka kowa ya koma gona. Da na je gida hutu ya tare ni a gindin darbejiya ya cusa mini filash a aljihu.

"Malam mai cin data a banza, yau ga ranarka. Cika mini wannan da fim ɗin 'yan sanda. Amma in mutane suka watse, kai za ka biya kuɗin mai."

Na ce masa fim ɗin 'yan sanda ai ba iri ɗaya ba ne. Ya ce shi dai wanda za a kama ɓarawo. To a nan gizo ke saƙar, don akwai wanda ake kama ɓarawon a daren, akwai wanda sai an yi wata biyu ana binsa, akwai ma wanda ɓarawon ne jarumi, shi ake yi wa tafi. Duk wanda zai kashe kuɗin turi ko na data, don gidan kallo ne, don iyali ne, ko don wayarsa shi kaɗai, gara ya san abin da yake saye.

Zaɓin nasa bai ba ni mamaki ba, ya riga ya gwada sauran. Na soyayya yana korar dattawa, na kokawa yana tara yara marasa ko sisi. Amma da an nuno gawa kwance, ga wani mutum tsugune a kanta yana dube-dube, sai ka ji rumfa ta yi tsit, har mai shayi ya bar butarsa ya leƙo. Kuma ba kanmu farau ba. A Amurka shirin Dragnet ya fara a rediyo a 1949, ya koma talabijin a 1951, yana ɗebo labaransa daga kundin 'yan sandan Los Anjalas. Jamusawa suna da Tatort da ake sa musu daren Lahadi tun 1970, ya cika kashi dubu a 2016 kuma bai tsaya ba. A Indiya CID ya shekara ashirin yana gudana, daga 1998 zuwa 2018, kashi 1,547, aka kuma dawo da shi a ƙarshen 2024. Talabijin ta tashi daga baƙi da fari ta koma mai kala, ta bar bango ta shiga tafin hannu, mutumin nan mai tsugunawa a kan gawa yana nan daram.

Ni dai daga turken kawuna na samo dalili. Wata shekara, saura kwana tara babbar sallah, aka kwance masa ragon layya a daren Laraba. Da asuba aka kira wani dattijo mai bin sawu daga unguwar gabas. Ya zo da 'yar tsumagiya a hannu, ya hana a saki awaki, ya hana mata shara. Ya duƙa a bakin danga ya zana da'ira a kan wani sawu, ya ce su biyu ne, ɗaya takalmin roba gare shi, dunduniyar hagu ta cinye. Muka bi bayansa ɗuu kamar 'yan rakiyar amarya. A gindin wata kuka sawun rago ya ɓace, na mutum ɗaya kuma ya ƙara nutsewa cikin rairayi. Ya ce a nan suka saɓa shi a kafaɗa. Haka muka yi ta tafiya har bakin kwalta. Ya nuna mana shatin tayar babur, ya yar da tsumagiyar, ya kaɗe hannu. Gari ya waye Alhamis, kasuwar Maigatari na ci, kuma rago ɗaya a karar Maigatari ai allura ce cikin ruwa.

An kai ƙara, an rubuta a littafi, shi ke nan. Har yau kowa a garin yana da wanda yake zargi a zuci, ba mai iya furtawa, don anjima za a haɗu a sahu ɗaya a masallaci, wataƙila ma akwai auratayya tsakani. Yawancin laifin da muka sani haka yake, ba shi da ƙarshe. Muna cewa rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya, amma masu kaya nawa ne suka ga tasu ranar? Ranar nan ɗaya ita fim ɗin 'yan sanda yake sayarwa, kuma kullum dare. A nuna maka wanda ya yi, da abin da ya sa shi, da ɗan kuskuren da ya tona masa asiri. Ga kuma damar ka nuna mutum da yatsa ka ce "wallahi wannan ne" ba tare da ka ɓata da kowa ba. Gane gaskiya ta hanyar alama kuwa ba Turawa suka koya mana ba. Duk wanda ya zauna tafsirin Suratu Yusuf ya ji mai shaida ya ce a duba rigar, in ta gaba ta yage ga hukunci, in ta baya ce ga hukunci.

Sai dai masu sayar da ranar nan kasuwa biyu suke ci. Ta farko nakan kira ta cinikin hannu da hannu: kowane kashi da nasa laifin, a buɗe shi a rufe shi kafin ka tashi daga benci. Ta biyu adashi ce: kullum kana zubi, kwasa sai ƙarshen zango, wani lokaci sai bayan zango biyar, kuma ba a rasa uwar adashin da kan gudu da kuɗin mutane, a yanke shirin ba a gama ba ko a gama shi a wulaƙance.

Na hannu da hannu lissafin kasuwa ne ya haife shi. Manyan tashoshin Amurka kan ba shiri awa ɗaya a mako, talla ta cinye kusan kwata, labari ya tsira da minti 42 zuwa 45, a yi kashi 22 zuwa 24 a shekara. Suna son wanda ya kunna yau, ko bai ga na makon jiya ba, ya zauna. Suna kuma son daga baya su sayar wa wasu tashoshi su yi ta maimaitawa ko da a hargitse. Wannan lissafi nasu ya zo wa daminar Jigawa kamar an gwada. Wanda noman farko ya riƙe kwana uku, ranar da ya zo bai yi asarar komai ba. Inji ya mutu ana tsakiyar kallo, kashi ɗaya kawai ya lalace. Mai turi ya tsallake na bakwai, ba wanda zai sani. Aibinsa maimaici. Kafin a kai kashi na goma yara sun haddace cewa wanda aka fara kamawa ba shi ba ne. Tuwo ne, kullum shi ne, miya kawai ke sauyawa. Amma wa ya taɓa barin gida don tuwo?

A wannan dangi akwai wanda na fi so, ba zan ɓoye ba: Columbo. Peter Falk ya fara fitowa a matsayinsa a 1968, shirin ya kankama a 1971, na ƙarshe ya fito a 2003, duka-duka kashi 69. Shi a juye yake tafiya. Tun da farko za a nuna maka mai kisan da yadda ya ƙulla abinsa, yawanci wani attajiri ko likita ko shahararren mawaƙi mai gida kamar fada. Sai ga ɗan sanda ya iso cikin tsohuwar Fijo 403, yayar 404 da 504 da iyayenmu suka sani, da yamutsattsiyar rigar ruwa, da guntun sigari, yana laluben aljihu yana neman biro, yana ba da labarin matarsa wadda ba a taɓa nuna fuskarta ba. Ba ya yawo da bindiga, ba ya tsawa. Mai laifi ya raina shi, har ya shiga taya shi bayani. Shi kuwa sai ya yi sallama, ya kai bakin ƙofa, ya sosa ƙeya, ya juyo da wata 'yar tambaya wai ta kwanta masa a rai. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Tun attajirin yana murmushi, har ya fara amsa abin da ba a tambaye shi ba, har ya faɗi abin da mai kisan ne kaɗai zai sani.

Duk wanda ya taɓa zama a zauren dagaci ya ga wani dattijo ya yi kamar bai san komai ba, yana tambayar banza-banza har maƙaryaci ya yi tuntuɓe da harshensa, to ya san wannan mutumin. Ga daɗin ganin mai yagaggen takalmi ya kayar da mai kuɗi da wayo tsagwaronsa. Jini kaɗan ne, tsiraici babu, za ka iya kallo da surukinka a gefe. Cikas ɗinsa biyu ne, kuma manya. Kowane kashi yana cin minti saba'in zuwa kusan ɗari, wato man kashi biyu na sauran. Sannan duk daɗinsa a baki yake. In babu mai fassara, abin da 'yan kallo za su gani mutum biyu ne tsaye a falo suna magana. Samari ma sukan ce hoton ya tsufa, ba gudu, ba harbi.

Law & Order, wanda Dick Wolf ya ƙirƙira a 1990 a kan birnin Niyok, rabinsa bincike ne rabinsa kotu. Ya yi zango ashirin aka tsayar da shi a 2010, aka farfaɗo da shi a 2022. Ya dace da mai son jin lauyoyi, amma Turancin kotu ya fi ƙarfin ɗan sakandaren da ke yi wa rumfa fassara, kuma wani lokaci mai laifi kan sha da ƙafarsa, abin da kan sa mutane su tashi suna tsaki. Ƙaninsa SVU da aka fara a 1999 a kan fyaɗe da cin zarafin yara yake. Kada ka kuskura ka sa shi a bainar jama'a.

CSI kishiyar Columbo ne, shi ido yake ciyarwa. Ya gudana daga 2000 zuwa 2015 a birnin Las Begas, ya haifi na Mayami a 2002 da na Niyok a 2004. Kamara ta bi harsashi har cikin ƙirji, a ɗauki silin gashi da ɗan hantsaki, a barbaɗa hoda a fito da zanen yatsa, kwamfuta ta yi walƙiya ta fito da fuska. Wanda bai san ko "zo" da Turanci ba zai bi labarin. Sai dai akwai gawa a farke a kan tebur, wadda ba kowa ke iya gani bayan cin tuwo ba, kuma Las Begas garin caca da gidajen rawa ne, dole rimot ya kasance a hannunka. Ƙarya ma akwai. Gwajin ƙwayoyin halitta da suke gamawa kafin shayi ya huce, a zahiri kwanaki ko makonni yake ɗauka, kuma mai aikin ɗakin gwaji ba shi ke ɗaukar bindiga ya je kamu ba. Har lauyoyin Amurka suka riƙa ƙorafin cewa shirin ya sa mutane ba sa gamsuwa da shari'a in ba a kawo hujjar ɗakin gwaji ba. Mu kuwa, cibiyar irin wannan gwajin da gwamnatin Legas ta buɗe a 2017 ta fi kilomita dubu daga Gumel.

Wanda ya fi saurin cika benci CID ne, ko ina so ko ba na so. Kunnen Bahaushe ya saba da Indiya tun zamanin silimun Kano, kuma Ba'indiye ba ya ɓoye komai a fuska: in ana zargin mutum, kiɗa zai gaya maka, kamara ta zabura kansa sau uku. Shugaban ayarin, ACP Pradyuman, wanda Shivaji Satam ke fitowa a matsayinsa, yana juya yatsu a iska yana cewa akwai lauje cikin naɗi. Ƙato Daya kuma aikinsa ɓalle ƙofa da ƙafa. Sutura a rufe take, ba abin da zai sa ka lalubi rimot a gigice. A 2004 sun ɗauki wani kashi na minti 111 ba tare da an yanke kamara ba, har ya shiga kundin Guinness. Amma in kana neman labari mai hankali, ka rage buri. Sau da yawa hujja ba ta kai ta kawo ba, sai Daya ya kwaɗa wa mutum mari, nan take ya fashe da kuka ya zayyane komai. Rumfa kan kwashe da dariya a nan. Ni ba na iya yi, don na san a wajen talabijin mari kan sa marar laifi ma ya ce shi ne. Shi ya sa dokar shaida ta 2011 ta hana kotu karɓar iƙirarin da aka tatsa da gallazawa, aka kuma yi dokar hana azabtarwa a 2017.

Tunda maganar ta zo, akwai abin da kan ba ni dariya da takaici lokaci guda. Yaranmu sun haddace gargaɗin da ɗan sandan Amurka ke karanta wa wanda ya kama, na cewa yana da ikon yin shiru, wanda ya samo asali daga hukuncin Kotun Ƙolinsu na 1966. Amma kaɗan ne suka san sashe na 35 na tsarin mulkinmu na 1999 ya ba su ikon yin shiru har su gana da lauya, ya kuma ce a kai mutum kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu cikin kwana biyu. Mai fassara mai hankali zai iya jefa wannan a tsakiyar kallo, ya fi kowane kashi amfani.

Adashi kuwa wata duniya ce. Wanda ya fi shiga ƙauyukanmu Prison Break ne, tun zamanin faifan da ake cusa wa zango guda cur. Ya fara a 2005. Injiniya ne ya jefa kansa kurkuku da gangan don ya fitar da yayansa da aka yanke wa hukuncin kisa bisa ƙage, taswirar gidan yarin tana zane a fatarsa. Zumunci ne tsantsa, shi ya sa ya kama mu. Kowane kashi yana yankewa ne daidai inda numfashi ya tsaya, gandiroba ya ɗora hannu a kan abin da ke rufe da rami, sai baƙi. Mai gidan kallo ba zai ƙi wannan ba, don wanda ya biya yau dole ya dawo gobe, kuma zangon farko kashi 22 ne, sati uku ke nan rumfa a cike. Amma bayan sun tsere labari ya fara jan ƙafa: wata kurkukun a Panama, wata ƙungiyar asiri, wanda aka binne ya dawo, har aka kai kashi 90. An kwashe adashi tun zagayen farko, ana ci gaba da karɓar zubi.

La Casa de Papel, wanda masu turi suka fi sani da Money Heist, daga Sifen ya fito a 2017 kafin Netflix ta yaɗa shi duniya, ya ƙare a 2021. 'Yan fashi ne cikin jajayen kaya suka kulle kansu a gidan buga kuɗi na Madrid suna buga nasu, kowa da sunan wani birni, jagoransu ana ce masa Farfesa. Samari suna mutuwar sonsa. Breaking Bad kashi 62 ne, daga 2008 zuwa 2013: malamin kimiyyar sinadarai da albashi ya gaza, ga kansar huhu, ya shiga dafa ƙwaya wai don ya bar wa iyali wani abu, a hankali ya rikiɗe ya zama dodo. Ni da nake riƙe da alli, kashin farko ya taɓa ni fiye da yadda zan so in faɗa. Ta fuskar iya rubutu ya dame duk na hannu da hannu ya shanye, don a nan ne za ka ga mutum yana sauyawa a gabanka, abin da Columbo bai yi ba cikin shekara talatin da biyar. The Wire kuma, kashi 60 daga 2002 zuwa 2008, tsohon ɗan jaridar da ke ɗauko labaran laifuka a Baltimo, David Simon, shi ya ƙirƙira shi, kuma ya fi kowa faɗin gaskiya: a kama ƙananan, manyan su ci gaba, a yi wa ɗan sanda mai ƙoƙari canjin wurin aiki. Labarin ragon kawu ne da Turanci. Mutumin da ya biya kuɗi don ya huta da wannan gaskiyar ba zai gode maka ba.

Ba na cikin masu cewa fim ne ke mai da yaro ɓarawo; wanda ya kwance ragon nan bai taɓa jin sunan Netflix ba. Amma mai gidan kallo a ƙauye ba da 'yan kallo kaɗai yake hulɗa ba. Gidan liman yana jiyo injinsa, mai unguwa ya san ɗan wa da wa ke shiga, 'yan Hisba ma ba su da nisa. Shirye-shiryen adashin nan yawancinsu an yi su ne don tashoshin biyan kuɗi da intanet, inda ba a takura su kan tsiraici da ashar kamar yadda ake takura manyan tashoshi. Minti ɗaya da hannunka ya makara a kan rimot ya isa a rufe maka rumfa, ko a hana 'ya'yan mutane zuwa, wanda ya fi rufewar muni. Kuma rumfar da ake yi wa ɗan fashi tafi kowane dare, ko ba a faɗa ba, dattawa za su janye ƙafa.

Sauran matsalolin ƙanana ne amma suna cin rai. Wanda ya shigo a kashi na tara zai dami kowa da "wannan kuma wane ne?" Akwai yaron da ya riga ya gama kallo a waya, ba zai iya riƙe bakinsa ba, zai sanar da wanda zai mutu tun kafin a kunna. In filash ya ci kashi ɗaya, an yi ɓarin zare duka. Sai babbar fitina, wato "a ƙara ɗaya". Tun da aka janye tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, daga baya ma ta wuce nan, kowane "a ƙara ɗaya" daga aljihun mai rumfa yake fita. Washegari kuma ga iyaye suna neman wanda ya sa 'ya'yansu makara gona.

Inda adashi ya yi zarra shi ne mutum shi kaɗai da wayarsa da abin sawa a kunne, da rani, an kai amfani rumbu. Ɗan ci-rani a Kano, mai gadin dare, mai jiran shago, su ne mutanensa. Ba mai katse su, ba mai jin kunyar wani. Wurin ajiya ba matsala ba ne ga kowanne: kashin minti 45 mai matsakaicin haske yakan ci mega 150 zuwa 250, filash mai giga 64 zai ɗauki sama da kashi ɗari biyu. A cikin gida kuwa, inda mata da yara ke kewaye waya ɗaya ko ƙaramar talabijin mai sola, harshe ya fi komai. Nan na gida ne ke cin kasuwa, irin Kwana Casa'in na tashar Arewa24, wanda ya zuba maguɗin siyasa da cin hanci da ɗan jarida mai tone-tone a garin Alfawa. Shi ma adashi ne, amma adashin da kowa ya san uwar ɗakinsa, ba a bukatar mai fassara, ba a bukatar rimot. Marubutanmu sun fi saka laifi cikin rikicin gado da kishi da siyasa. Ina jiran ranar da wani zai ɗauki mai bin sawu ya mai da shi jarumi, kowane mako da nasa ragon.

Ga abin da na zuba wa taubashina. CID kashi arba'in don ranakun da kowa ya gaji, ba mai son tunani. CSI ashirin da na zauna na tace da kaina, na cire duk wanda ya shiga gidan rawa. Columbo goma, na ce ya ajiye su sai daren Alhamis, an dawo daga kasuwa da ɗan canji a aljihu, dattawa suna nan, kuma ya sallami ɗan sakandaren nan da shayi da burodi ya tsaya fassara. Prison Break zangon farko kaɗai, na sa shi a wata jaka daban na ce kada ya buɗe sai an gama yankan gero da kaɗe riɗi. Ya ce na cika iyayi. Bai dai zo karɓar kuɗin mai ba.

Daren da zan koma, jikokin dattijon nan mai bin sawu suka riƙo hannunsa suka kawo shi, aka ba shi bencin gaba saboda idonsa ya yi rauni. CSI aka sa. Ya zuba ido yana kallon wata mata ta durƙusa a kan sawun takalmi, ta ɗauki hoto, ta dama wani farin abu kamar kunu ta zuba a ciki, ta jira ya daskare, ta ɗauke ta kai ɗakin gwaji, kwamfuta ta yi ta juya shi. Mai fassara ya ce an gano mutumin yana ɗingishi.

"Duk wannan wahalar don a san yana ɗingishi?" in ji shi. Rumfa ta ɗauki dariya. Ya jira aka yi shiru, sannan ya juya wajen taubashina. "Kai ɗan nan, to in sawun ya hau kwalta fa, yaya suke yi?"

"Kamara gare su a kan hanya, Baba. Tana ɗaukar lambar kowace mota."

Ya jima yana gyaɗa kai bai ce komai ba. Can ya laluba aljihun 'yar-shara, ya fito da kuɗi a nannaɗe ya miƙa, ya ce a riƙe masa wurin nan na gobe.